Lasifikokin da suka dawo wa Inna da muryar Malam

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, wani ɗalibinsa ya kawo mini kaset-kaset cike da leda. Karatun da Malam yake bayarwa ne a zaurenmu na Gwaram, ɗalibai suka riƙa ɗauka da rikoda. Ina koyarwa a Birnin Kudu a lokacin, sai na kai aka juye mini su a memori, na tafi gida da murnata na kunna wa mahaifiyata a waya.

Ta kasa kunne jim kaɗan, ta ture wayar. "Wannan ba muryar Malam ba ce. Kamar mutum a cikin gwangwani."

Ni kuma gwanin dabara, sai na shiga kasuwa na sayo wata lasifika mai fitilu, ja da kore suna ta walƙiya. Da na kunna, ƙasan ɗakin har rawa yake, amma kalma ɗaya ba ta fita. Inna ta dube ni ta ce, "Gidan biki ka mayar mini da ɗaki?" Na naɗe kayana ba ko musu.

Abokina ne ya ce in je wajen wani dattijon Alhaji da ya daɗe yana sayar da kayan sauti na gida, irin manyan lasifikokin katako da ake kawowa daga waje. Na sha wuce shagon ban taɓa leƙawa ba. Da na shiga, gaban shagon duk cajar waya ce da fitilun sola. Lasifikokin suna can ciki, an lulluɓe su da zannuwa.

"Waɗannan ke ciyar da ni yanzu," in ji Alhajin, yana nuna cajojin. "Kowa ya koma sauraro a tafin hannunsa."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai nuna mini kaya ba, tambayoyi ya shiga yi. Wa zai saurara? Ɗakin ƙasa ne ko na siminti? Kunnen Hajiya ya fara nauyi? Sannan ya ce in ajiye memorin, in kawo kaset ɗin na asali, domin wanda ya juye ya matse sautin. Ya kuma hana ni manyan da idona ya hau kansu, ya zaɓo wasu matsakaita guda biyu. "Murya kake nema, ba ganga ba."

Ranar Asabar ya rufe shagonsa, ya bi ni har Gwaram da lasifikokin da amfilifaya mai ƙara sauti da wata tsohuwar na'urar kaset. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ta ba shi izini ya shiga. Ya yi ta matsar da lasifikokin, ya ja wannan daga bango, ya karkata waccan wajen gadonta, ya haɗa da batirin solarmu. Sannan ya danna.

Wallahi sai da na waiga zaure. Muryar mahaifina ce sak, har da numfashin da yake ja kafin ya fassara baƙi, da ƙarar takarda idan ya juya. Inna ba ta motsa ba. Can sai muka ji wani abu a bayan karatun, dum, dum, daga nesa.

"Tsaya," in ji ta. "Mayar da shi baya."

Alhaji ya mayar.

"Ni ce nan," ta ce. "Ni ce nake daka. Furarsa ce."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon rumbu, kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Ba a jima ba shagon ya rufe. Na je in gaishe shi na tarar da wasu samari suna sayar da gilashin waya a wurin. Aka ce ya koma gonarsa a Kiyako. Na bi shi can, na same shi yana duba riɗi. Na ce masa abin bai yi mini daɗi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kowace kasuwa da ranar tashinta. Hajiya dai tana ji?" Na ce kullum bayan la'asar.

Yau idan kana son lasifika, hoto za a turo maka a waya, ka biya, a sako ta a mota. Ban ce laifi ba ne, ni ma haka nake saye. Amma babu mai tambayarka wa zai saurara, balle ya rufe shago ya bi ka garinku. Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri.

'Ya'yana ba su riski kakansu ba. Amma rannan na ji ƙaramar tana wasan makaranta da ƙawayenta, ta gama biya musu, ta yi gyaran murya irin tasa, ta rufe yadda yake rufe karatu a kaset, ta ce, "Allah ne masani."