Ka Gaya Ma Wancan

Duk tsawon aikina, ban taɓa mantawa da ranar da Dikko ya ɗaure ƴan kayansa zai bar mu ba. Lokacin ni ne majo, wato babban ma'aikacin jinya, a ɗakin da muke kula da masu shan ƙwaya a nan Dakoro.

Yawancin waɗanda ake kawo mana samari ne da suka ƙetare iyaka, wasu bin shanu zuwa Najeriya, wasu haƙar zinariya can arewa, suka dawo tramol ta kama su. Maganin ciwo ce, amma su don kada su ji gajiya suke sha, har ta koma ita ke juya su. Tsarinmu shi ne a kwantar da mutum, a riƙa rage masa a hankali har jiki ya daina karkarwa. Daga nan sai zaman iyali: uba ko uwa su zauna gaban yaro, su faɗa masa da bakinsu cewa suna tare da shi. Shugabarmu lokotoro, wato likita, ba ta wasa da wannan zama, domin ta ga masu komawa ruwa da yawa saboda rashinsa.

Dikko Bafillace ne daga wajen Korahane, dogo, ya rame kamar sandar kiwo. Uwarsa ta rasu. Ubansa, Baffa Buba, shi ya kawo shi, amma ko ƙofa bai shigo ba. Ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin aduwar da ke bayan katanga, kullum yana can. Da na kira shi zaman iyali, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan fari na, majo."

Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasa ce a kan tasu. Tun da aka haifi Dikko, ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Da can wannan bai dami Dikko ba, haka ya taso. Amma yanzu da ya ɓata, ta ina zai gane shirun kunya ne ko na fushi? Duk fuskarsu ɗaya.

Rannan da hantsi na same shi yana zufa, ƙullin kaya a hannu. Ya ce, "Majo, tahiya za ni yi. Wanda ubanshi ya sallama, mi ya rage mishi?" Na san inda za shi: tasha, daga nan iyaka, inda ƙwayar ba ta da wuyar samu. Kuma ba mu da ikon tsare shi. Ga shi yaron ya shiga raina.

Na ce ya ba ni ɗan lokaci, na ruga wurin lokotoro. Na roƙe ta a yi zaman, amma uban da ni zai yi magana, ba da ɗansa ba. Ta ce, "Shi yaron zai ji da kunnenshi?" Na ce zai ji. Ta ce, "To me kake jira?"

Na kai Dikko gindin aduwa. Tsohon na ganinmu ya juya baya. Na tsuguna tsakaninsu, na ce, "Baffa, baƙonka na shirin tahiya. Ko da saƙo?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Majo, ka gaya ma wancan, shanu sun yi kudu tun da kaka ta kama, ƙanena ya kora su. Tun da ni ke ban taɓa kwana nesa da su ba sai bana." Ya ƙara da cewa, "Ka gaya mishi, in ya zamna, ina nan zamne. In ko ya tahi, bin shi za ni yi. Sai dai shi tahi sannu, ƙahwahuna sun tsuhwa."

Na buɗe baki in isar da saƙo kamar yadda aka saba, sai hawaye suka riga ni. Ni da nake yi wa ƙananan ma'aikata faɗa in sun yi kuka gaban majinyaci, ga ni ina share ido da hannun riga. Dikko ya ajiye ƙullin. Ya ce, "Majo, ka ce mishi na ji." Ya koma ɗaki da ƙafarsa.

Ba zan ce muku daga ranar ya warke sarai ba. Bayan mun sallame shi ya sake zamewa sau ɗaya, amma shi ya kawo kansa, ba a ɗauko shi ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku sababbin shiga wannan aiki, shi ne wannan. Rage ƙwaya aiki ne da kowa zai koya. Amma mutanenmu da yawa suna da ƙaunar da al'ada ba ta ba su bakin faɗa ba. In kun ga tsoho a bayan katanga ya ƙi shigowa, kada ku ce bai damu ba. Ku fita ku tsuguna, ku ara masa bakinku.