Kujerar da Kawu Ya Yi wa Mai Makulli

A cocinmu, in aka ce "ranar da Kawu ya sauka", ba mai tambayar daga ina. Daga kujera ya sauka, ana tsakiyar waƙar buɗe sujada, ƙafafu sama, hula ta kama gabanta. Kujerar kuwa shi ya yi ta, mutumin da ya shekara arba'in yana kafinta ba a taɓa dawo masa da ko benci ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mai tsoron Allah ne, kullum yana mana gargaɗi mu zauna a shirye, don ba wanda ya san rana ko sa'ar da Ubangiji zai dawo. Matsalarsa ɗaya, riƙo. Yana yafe wa guduma in ta sami yatsansa, amma ɗan Adam sai an yi da gaske.

Abokin gabarsa Mai Makulli ne, dattijon da ke kula da ɗakin ajiyar coci. Tare suka taso. Wata shekara katakon rufi guda tara suka ɓace, sai Mai Makulli ya miƙe a taron dattawa ya ce wanda ya san amfanin katako shi ya san inda ya shiga. Bai kama suna ba, amma kafinta ɗaya ne a ɗakin. Aka sauke Kawu daga dattijanci, masu kawo aiki suka ja baya, zarto ya yi tsatsa. Bayan shekara biyu aka ga katakon a ƙarƙashin tsofaffin kwanon rufi, inda Mai Makulli da kansa ya sa aka jibge su ya manta. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, mun gode Allah."

Shekara bakwai Kawu bai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar tarayya da ake rabawa a coci. A addu'a kuma, da an zo wajen yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai tari ya kama shi.

"Maigida," in ji Inna matarsa, "da Allah kake gaba ko da Mai Makulli?"

"Allah ya san inda na tsaya. Lokaci nake jira."

Lokacin ya zo da aka ba shi aikin kujeru shida na dattawa. Ya yi biyar tsakani da Allah. Ta shidan ya yanka ƙafarta ta baya da zarto har saura kaɗan, ya cike tsagar da gam da garin katako, ya goge, ya shafa fenti. Ranar Asabar ya ajiye ta daidai inda Mai Makulli ke zama. Ba kisa ya nufa ba, in ji shi. So yake mutumin ya ɗanɗana faɗuwa a gaban jama'a.

Abin da Kawu bai sani ba, da safiyar Lahadi mata masu shara sun fitar da kujerun, sun goge ƙasa, sun mayar yadda suka ga dama. Ya zo ya duba, ya sake dubawa. Aikin ya yi kyau har mai shi ya kasa gane wacce ce. Ana cikin waƙa kuma Fasto ya yafito tsofaffin mata su fara ɗana sababbin kujeru. Ga mahaifiyar Kawu a gaba, wadda kowa ke kira Kaka, shekara casa'in, tana dogara sanda.

Kawu ya zabura. "Tsaya, Kaka! Kafinta ba ya miƙa aiki bai gwada ba."

Ya faɗa kan ta farko da dukan nauyinsa. Lafiya. Ta biyu, lafiya. Mawaƙa suka fara rasa baiti. Ta huɗu ce ta amsa.

Mai Makulli ya fara isa wurinsa. Ya ɗauki karyayyiyar ƙafar, ya ga bakin zarto, ya tura ta cikin riga.

"Katakon zamani ke nan," ya ce da ƙarfi. Sannan ya sunkuya. "Tawa ce?"

"Taka ce."

"Da ma ni ta samu. Ka yafe mini, abokina."

"Ɗaga ni tukuna, munafuki. Kwankwasona!"

Wata uku Kawu yana bin bango. Da bakinsa ya faɗa wa Fasto gaskiya, shi ya sa muka sani. Ya koma cin Jibin Ubangiji, tarin nan ma ya tafi, ko da yake Inna ta ce wani lokaci yana ɗan gyaran murya. Shi kuma ya ce yafiya kamar tsohon benci ce, kowane mako sai ka sake buga mata ƙusa.

Kwanan baya na same shi a shago yana goge katako, na ce, "Kawu, kai da kake mana wa'azin zama a shirye, yaya aka yi abin ya zo maka ba shiri?"

Bai ɗago kai ba.

"Wa ya ce ban shirya ba, ɗan nema? Na san ranar, na san sa'ar. Kujerar ce ban sani ba."