Iska Ce, Taubashi

Duk wanda ya yi zaman Gwanzu ta ƙasar Sin a ƙarshen shekarun casa'in ya san yatsan Alhaji Sabo. Kafin ya tsallaka titi sai ya lashi ɗan alinsa ya ɗaga sama, wai yana jin inda iska ta dosa. Kafin ya shiga shago a kasuwar Shisanhang ma haka. Wallahi na taɓa ganin ya yi a cikin lifta, ƙofa a rufe! Kuma komai ya lalace amsarsa ɗaya ce: "Iska ce, taubashi." Kwantena ta makara, iska ce. Shayi ya huce, iska ce.

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da damar tsokanarsa har bayan ransa, kuma yau ma ba zan fasa ba.

Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne inda yatsan ya samo asali. Mahaifinsa, Kawu, shi ne Sarkin Bakan garinmu, can gefen dajin Falgore. 'Ya'yansa maza uku duk sun gaji farauta, ban da Sabo, wanda ko kurciya bai taɓa kayarwa ba. Kawu kan ce a gaban jama'a, "Wannan ko rumbu ya auna, sai dai maƙwabta su yi ta kansu." Sabo ya bi kasuwa, riguna da maɓallai, ya yi arziki, ya kai tsohon Makka, amma maganar nan ba ta daina cinsa ba. Lokacin da nake ba ku labari Kawu ya tsufa tukuf, idonsa ma ya tafi.

Wata rana wani mai masana'antar riguna ya kai mu shaƙatawa wani filin harbi a bayan gari. Can za a ara maka doguwar bindiga mai madubin hange, ka kwanta rub da ciki, ka auna wata takarda mai baƙin da'ira a nisan mita ɗari uku. In ka gama a ciro maka takardarka. Sabo na ganin haka ya damƙe hannuna.

"Taubashi, takardar nan zan kai wa Baba. Da huda a cikin baƙin. Kafin Allah ya yi ikonsa."

Na ce, "Kai ɗin?"

Ya ce, "Jini ai ba ya ƙarya."

To, jinin dai ya yi ƙarya ranar. Mai koyarwar wani tsohon soja ne, Malam Liu, mutum mara surutu. Sabo ya tattare babbar riga ya kwanta kamar mai shirin shan ruwa a rafi. Fili tsit, kowa na auna abinsa, sai kawai muka ji murya ta tashi: "Sai ni ɗan Sarkin Baka! Sai ni dodon takardar Sin!" Wani bawan Allah a gefe har ya saki bindigarsa. Sannan Sabo ya ja kunama, tau! Malam Liu ya leƙa nasa madubin, ya daɗe yana nema, ya ce, "Meyo." Kun dai san meyo, babu.

Harbi goma, meyo goma. Sabo ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya lashi yatsa ya ɗaga. Daga ranar ne fa aka fara.

Duk Lahadi sai ya ja ni. Mako na uku aka yi abin da har yau in na tuna sai dariya ta kama ni. Wata dattijuwa 'yar Sin ce a layin kusa da shi, gwana ce ta gaske. Ta yi harbi goma, aka ciro takardarta, huda goma sha ɗaya! Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta juyo a hankali ta dubi Sabo. Shi kuwa har ya fara rawar kafaɗa.

"Ka gani? Na samu!"

"Takardar wata ka samu, Alhaji."

"Harsashin na waye?"

"Ashe Kawu ya yi gaskiya," na ce, "maƙwabta su yi ta kansu."

Matar kirki, ta miƙo masa takardar tana dariya. Ya ce sheshe, wato na gode, ya karɓa, ya juya ta, sai ya mayar mata. A mota na ce masa, "Kai ma da wahalar da kai. Kawu fa ba ya gani. Kawo takarda sabuwa in huda maka da ƙusa, a wuce wajen." Wallahi sai da na yi da-na-sanin faɗa. Ya ce, "Mutumin da ya yi shekara hamsin yana bin sawu a daji zan kai wa hudar ƙusa? Ko ya yarda, ni fa?"

Malam Liu ne ya gano cutar. Wata Lahadi ya miƙa masa bindiga kamar kullum. Sabo ya kwanta, ya yi kirarinsa ƙasa-ƙasa don an riga an ja masa kunne, ya ja kunama. Ƙyas! Ba harsashi a ciki. Amma ku zo ku ga Alhaji: ya runtse ido gam, ya kawar da fuska can gefe, ya zabura baya har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Wash, kafaɗata!"

Na faɗi ƙasa ina dariya. Malam Liu ma da ba ya dariya sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ashe duk makonnin nan ido rufe yake harbi! Haka ya ga Kawu na yi da harba-ka-ruga tun yana yaro, ka kawar da kai don kada albarushi ya wanke maka fuska. Shi a ganinsa haka ake harbi a duk duniya.

Malam Liu ya nuna idonsa da yatsu biyu, ya nuna takarda, ya ce, "Manman." Wato a hankali. Ya koya masa ya saki rabin numfashi, ya riƙe sauran, ya matsa kunama kamar mai taɓa jariri.

Kayya, ni na sha wahalar wannan darasi. A ɗakinmu na otal Sabo ya mai da laimata bindiga. Ya kwanta a kan gado, ya ɗora maɓalli ɗaya a bakin laimar, ya auna wani dogon bene na unguwar Tianhe ta taga. In maɓallin ya faɗi, a sake. Ni kuma aikina in tsaya a kansa in daka tsawa, "Tau!" in ga ko zai ƙifta. Rannan mai shara ta buɗe ƙofa ta same mu a haka. Ta ja ƙofar a hankali, kuma ba ta sake shiga ɗakinmu ita kaɗai ba.

Lahadin ƙarshe kafin mu taso gida, harbi takwas meyo. Na tara, na ga idonsa a buɗe tar, ko gezau. Tau! Malam Liu ya leƙa, ya sake leƙawa, sai ya ɗaga babban yatsa. Huda ɗaya, can a bakin baƙin da'irar, saura ƙiris ta fita. Sabo ya rungume tsohon sojan nan har ƙafarsa ta bar ƙasa. A jirgi kuwa takardar na cikin rigarsa, ko ni bai bari na riƙe ba.

Muka sami Kawu a ɗakinsa kan buzu. Sabo ya durƙusa, Alhaji guda, ya miƙa masa takardar.

"Baba, na yi harbi a Sin. Ga shi."

Kawu ya shafa takardar har yatsansa ya faɗa hudar. Ya kai hanci ya shinshina.

"Nisan nawa?"

"Kamar daga nan zuwa rijiyar kasuwa."

"Idonka a buɗe?"

"A buɗe, Baba."

Tsohon ya sake shafa hudar. Can ya ce, "Ni shekara hamsin ina harbi, ban taɓa ganin fitar harsashina ba. Ashe maharbin gidan nan yana kasuwa." Ya ninke takardar ya cusa a cikin hularsa.

Na waiga na ga hawaye sharkaf a fuskar Sabo. Na ce, "A'a, ɗan Sarkin Baka, kuka?"

Ya share da hannun riga. "Iska ce, taubashi."

Ɗakin ko taga babu.

Kawu bai ƙara wata biyu ba, kuma da aka zo cire masa hula takardar na ciki. Yanzu ga Sabo ma ya bi shi, ya bar ni ba wanda zan tsokana, kuma wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Alhaji Sabo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya haɗa shi da Kawu a Aljanna, inda duk su biyun za su ga juna ido buɗe. Amin.