Yatsana a Ramin Jirgin Kafilina

Jama'a, jirgin ruwa a kan tudu yana zubar da ruwa, wai ni ne mai laifi!

Kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba ni ƙarfen lamba in maƙala a bayan tsohon jirginsa na faiba, irin na roba mai taurin nan, don masu gadin teku sun hana shi fita ba lamba. Ina hudawa sai baƙin ruwa ya yi tsartuwa. Na toshe da yatsa.

Na ce, "Ya ammi, wallahi tsohon ruwa ne kwance a ciki."

Ya ce, "Halas, shi ke nan, ka fasa min jirgi. In ka ɗaga yatsan nan, ka manta da iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan." Ya tafi neman mai gyara.

Tun azahar ke nan, ban yi salla ba. Don Allah wani ya zo ya ara min yatsa.