Murjanin da Injiniya Ya Bar wa Goggo

Goggona, yayar mahaifina, ta ƙare ƙuruciyarta kaf tana goge daɓen asibiti. Ba nas ba ce, ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Ita ake ƙwala wa kira idan wani ya yi amai a baranda, ko jini ya zuba a ɗakin haihuwa. Ma'aikatan wurin suka laƙaba mata Fes-fes, sunan ya biyo ta har gida, mu ma 'ya'yan ƙannenta haka muke kiranta idan ba ta kusa. Hannunta kan faɗi sana'arta tun kafin ta buɗe baki: fatar ta yi kaushi, farcen ya koɗe, warin bilic kuwa ya zauna a tafin ko da ta shafa mai. Ta yi ritaya, amma hali zanen dutse. A gidanta cokali ba ya kwana da maiƙo, kuma in ka tashi daga kujerarta, kafin ka kai ƙofa za ka ji tana kakkaɓe inda ka zauna.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Mijinta ya rasu yaron yana rarrafe, don haka da tsintsiya da bokiti ta yi masa karatu. Injiniya muke ce masa tun yana ƙarami, saboda duk rediyon da ta faɗa hannunsa sai ya ga hanjinta. Ya girma ya zama injiniyan gaske. Yayana ne kuma ina son sa, amma gaskiya ɗaya ce: mutum ne da kayan aiki suka fi ba shi tausayi a kan mutane. In fanka ta canza ƙara zai ji daga ɗaki na biyu, uwarsa kuwa sai ta yi tari sati guda bai lura ba.

Shi ya kafa akwatin gilashin nan a falonta, kusa da taga. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ya cika shi da ruwan gishiri irin na teku, ya jera duwatsu masu ƙofofi, ya sa shuɗiyar fitila a sama da wani ɗan inji mai kaɗa ruwa. Akwai 'yan kifaye biyu, amma su 'yan rakiya ne. Mai gidan shi ne murjani. Ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba. Wannan rayayye ne, mai taushi, yana manne a kan dutse, fasalinsa kamar laimar kwaɗi. Idan yana cikin jin daɗi sai ya buɗe, waɗansu 'yan siraran gashi su fito a bayansa suna rausaya cikin ruwa. Idan ransa ya ɓaci sai ya janye su duka, ya takure, ya yi sulɓi. Goggo ta daɗe tana ce masa "naman nan na Injiniya", ba ta ko son kallonsa.

Sai aka yi wa Injiniya canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan gaske, ya tattara matarsa suka tafi. Akwati cike da ruwa ba ya shiga jirgi. Ranar tafiya ya tsaya gaban gilashin ya fi tsayuwar da ya yi gaban uwarsa. Ya nuna mata yadda ake dama gishiri, yadda ake rage ruwa a zuba sabo, da yawan abincin kifin. Ya ce, "Mama, amana na bar miki." Ita kuwa kalmar amana ba ta wasa da ita.

Da farko yakan yi kiran bidiyo a ƙarshen mako. Ni ina ɗinki a wani shago a bayan layinsu, in na tashi nakan biya ta wurinta, don haka na sha ganin kiran nan da idona. Gaisuwar ba ta da tsawo.

"Mama ina wuni? Ya jiki? Juya wayar in gan shi."

Goggo ba ta iya danna abin da ke juya kyamara ba. Wayar take juyawa ɗungurungum, fuskar wayar ta kalli gilashi, ita kuma ta tsaya riƙe da ita tana kallon bayanta. Kifaye ne ke ganin fuskar Injiniya. Uwarsa murya kawai take samu, muryar ma da murjani take magana. Na ce bari in koya mata dannawar, ta ce in bar ta, hannunta ya saba da haka. Abin yana ƙona mini rai.

Ba a jima ba murjanin ya fara ciwo. Ya janye gashinsa, ya langaɓe gefe guda, launinsa ya dusashe. Nan fa Injiniya ya tuna yana da lambar uwarsa. Kira da safe kafin ya fita, kira da rana daga ofis, wani lokaci har da yamma. A rage hasken fitila, a matsar da dutsen, a juya bakin injin, a canza ruwa. Goggo tana ta kai da kawo da bokiti, ƙafarta na kumbura, amma fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Har sabon ɗankwali take ɗaurawa kafin lokacin kira, alhali bayan waya take tsayawa.

Na ce, "Goggo, wai ke ba kya jin haushi? Ba fa ke yake nema ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai bakinki ya fi almakashinki kaifi. Albarkacin kaza ai ƙadangare kan sha ruwan kasko. Bar ni in sha."

Ita kuma jinya ta ɗauka gadan-gadan, irin wadda ta sani. A asibiti, idan majinyaci ya yi rauni, tsafta ake ninkawa. Saboda haka kafin ta sa hannu cikin akwatin sai ta wanke shi da sabulu har gwiwar hannu. Bokitin dama gishiri kullum yana shan bilic. Soson goge gilashi ma da garin sabulu take cuɗa shi, ta shanya a rana. Ko ɗigon gansakuka ya ɓullo a kan dutse sai ta ciro dutsen ta dirje shi. Murjanin na ƙara lalacewa, ita tana ƙara wanki. Injiniya kuwa duk tambayoyinsa a kan fitila da inji suke. Bai taɓa cewa, "Mama, yaya kike yin aikin?" ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya ce a ɗebi ruwan a kai wa mai shagon kifin ado ya auna. Ni na raka ta. Shagon matsattse ne, ga zafi, ga ƙarar injina ta ko'ina. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau a goshi, ya karɓi kwalbar ya buɗe. Bai ma ɗauko kayan awo ba, ya kai ta hanci, ya girgiza ta, kumfa ta taso.

Ya ce, "Baba, da me kika wanke kwalbar nan?"

"Da sabulu mana. Da me ake wanke kwalba?"

"Bokitin fa?"

"Bilic. Ni ba ƙazama ba ce, ɗan nan."

Ya sauke tabaransa ya dubi hannunta. Cikin ladabi ya gaya mata cewa halittar nan ba ta jure ko ƙanshin sabulu, balle bilic. Abin da ya maƙale a fata ko a jikin bokiti ya isa ya kashe ta a hankali. Duwatsun ma akwai ƙananan halittu masu amfani a jikinsu, duk dirzawa kashe su take yi. Ya ce ta sayi sabon bokiti wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ta riƙa ɗauraye hannu da ruwa zalla, gansakukar kan dutse kuma ta ƙyale ta.

Muka fito titi. Muna jiran mota sai Goggo ta buɗe tafin hannunta tana kallo. Ta ce, "Hannun nan shi ya ciyar da shi, shi ya kai shi makaranta. Yau an ce guba ne." Na karɓi sabon bokitin da ta saya na riƙe.

Ta bi maganar mai shago, amma ta ji jiki. Mace irin Goggo ta zauna tana kallon kore-kore yana yaɗuwa a falonta, wannan azaba ce. Nakan same ta zaune gaban gilashin ta cusa hannuwa ƙarƙashin cinya don kada su yi abin da suka saba. Ta daina ce masa naman Injiniya, ta koma "bawan Allah". Tana gaishe shi da safe. Wata rana wata siririyar fata kamar leda ta saɓule daga jikinsa, ruwa ya tafi da ita. Kwana kaɗan bayan haka gashin ya fara leƙowa, ɗaya nan ɗaya can, har ya rufe bayansa gaba ɗaya. Ta aiko a kira ni daga shago, na zo da zare a wuya na tarar tana hawaye tana dariya.

Injiniya ya gani ta waya ya ce, "Kai, madalla! To shi ke nan, Mama, ci gaba da yadda kike yi."

Shi ke nan ɗin kuwa ta tabbata. Kiran safe ya ɗauke, na rana ya bi shi. Na ƙarshen mako ya koma saƙon murya, daga baya saƙon ma sai an ga dama. Murjani ya yi ɓul-ɓul, Goggo ta rame. Tana ajiye wayar a kan tebur kusa da akwatin, tana goge fuskar wayar da bakin zane ko babu ƙura. In ita ta kira, sai ya ce yana cikin taro zai kira, kuma taron nan nasu ba ya ƙarewa.

Wata la'asar na shigo na ji famfon kicin yana zuba. Goggo ta fito hannuwanta a sama kamar mai shiga ɗakin tiyata, kumfa har gwiwar hannu. Ba ta ɗauraye ba. Ta wuce ni ta nufi akwatin.

Na ce, "Goggo! Me za ki yi?"

Ta ce, "Ki rufe mini baki."

Ta tsaya a kansa. Murjanin yana buɗe, gashinsa na rausaya, bai san komai ba. Sai ta tsoma hannun dama har wuyan hannu, ta bar shi ciki, kumfar ta watsu a saman ruwa. Ban hana ta ba, ban kuma taya ta ba. Haushin da nake ji ba nata ba ne.

Washegari ya takure, ya yi sulɓi, gefe ɗaya ya fara yin fari. Kifi ɗaya yana haki a saman ruwa. Goggo ta ɗaura sabon ɗankwali ta ce in tura wa Injiniya hoto. Na tura. Kafin in ajiye wayar kira ya shigo, ta karɓa da sauri har tana neman yar da ita.

"Mama, na ga hoton."

"Ya koma ciwo. Ka gaya mini abin da zan yi. In juya maka wayar?"

"A'a, bar shi. Ki daina wahalar da kanki, Mama. In ya mutu ki zubar, akwatin kuma ki ba yaran maƙwabta. Ai na kafa wani a nan, ya ninka wannan. Ban gaya miki ba? Tsaya ki gani."

Ya danna abin juya kyamara. Fuskarsa ta ɓace. Wani ƙaton akwati ya cika wayar, shuɗin haske, murjani iri-iri, ja da kore da ruwan hoda, kowanne a buɗe. Muryarsa na ta zuba yana faɗin sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Karon farko ke nan da Goggo ta riƙe wayar tana kallon fuskar wayar har ƙarshen kira, kuma abin da ta gani ke nan.

Ta ce, "Yana da kyau. Allah ya raya."

Ya ce ana kiransa, ya kashe.

Goggo ta zauna, wayar a cinya. Ni kuwa bakina cike yake da maganganun da na tanadar wa Injiniya, har na fara. Ta ɗaga mini hannu. Ta miƙe da ƙyar ta shiga kicin, na ji ruwa yana zuba, ya daɗe yana zuba, babu motsin sabulu. Ta fito tana yarfe hannu, ta durƙusa gaban gilashin har goshinta ya kusa taɓa shi.

Ta ce, "Ɗauko mini bokitin nan da gishiri. Bawan Allahn nan bai yi mini laifin komai ba."

Muka canza ruwan, muka sake canzawa washegari. Kifin nan mai haki bai kai labari ba, ta naɗe shi a tsumma mai tsafta ta binne a tukunyar fulawa. Murjanin ya rayu, amma gefen da ya yi fari ya ruɓe ya faɗi. Rabi ne yanzu, a karkace, kuma rabin yakan buɗe idan ta kunna fitila. Har yau Goggo tana gaishe shi da safe kafin ta gaishe da kowa. Wayar kuwa ta mayar da ita ɗaki, cikin aljihun tebur, sai in ni na ciro ta na sa mata caji.