Hannayen Kawu a Makera

Asuba ta yi mana a tashar Suleja, ni da mahaifiyata. Ƙanenta, Kawuna, tela ne a unguwar Makera ta Kaduna, kuma mun daɗe muna jin cewa sanyin ƙashi ya hana shi ɗinki. Mama ta ƙullo masa saiwoyi da man shafawa, har direba ya tambaye ta ko kemis za ta buɗe a Kaduna.

Hanya ba daɗi. Kuɗin mota ya tashi, ga ramuka, ga shingen jami'an tsaro, kowa ya yi jugum sai jan carbi. A Kakau na sayi gasasshiyar masara mai taurin tsakuwa. Da muka shiga gari, Keke Napep ta bi da mu ta gefen masaƙun Kakuri da suka daɗe a rufe.

Da ƙyar na gane Kawu. Kan yatsunsa ya kumbura, farata sun lanƙwashe, fatar idonsa da wuyansa sun yi duhu. Ya yunƙura zai tashi ya gaida yayarsa, cinyoyinsa suka ƙi ɗaukarsa.

"Yaya, ba sanyi ba ne," ya ce, murya a toshe kamar mai mura. "Ciwon daji ne, can bayan hanci."

"Hanci kuma? To me ya kai shi hannu?"

Wata nas 'yar Sabon Tasha da muka tarar a ɗakin ce ta amsa mata. Kawu ke ɗinka mata kayan coci, kuma ita ce ta ga kumburi a wuyansa ta matsa aka je asibiti. Ta ce wani lokaci wannan ciwon yakan birkita jiki, ya taɓa fata da tsoka da gaɓoɓi tun kafin ya nuna inda yake zaune. Da an gano da wuri, in ji ta, da aikin bai kai haka ba.

An kawo tuwo. Kawu ya kasa yankar loma, Mama ta wanke hannu ta riƙa ba shi a baki.

Washegari Mama ta ce ba inda za ta sai an fara gashin ciwon da na'ura, kamar yadda likitoci suka rubuta. Ni kaɗai na koma Suleja, da darasi guda: ciwon da ya ƙi jin magani, a daina laƙaba masa suna a gida, a je asibiti. Ƙannena suka fito da gudu suna leƙen bayana, suna tambayar ina Mama.