Ƙanƙara a Injin Kawu Sani

Safiyar bikin 'yancin kai na ga ƙanƙara cikin injin mota da idona, a hanyar Cadakori.

Motar Kawu Sani ce, wadda aka mayar tana shan gaz. Mun ɗauko dashen itatuwan da za a shuka a lakol, wato makaranta, rana na dukansu, sai motar ta mutu. Da muka buɗe injin, ƙarfen da gaz ke bi ya yi fari fat.

Na daɗe ina kallo. Ashe an cire tiyon ruwan zafin da ke ratsa ƙarfen, an toshe shi da totuwar masara.

"Kawu, wa ya yi wanga aiki?"

"Ni mana! Wane mahaukaci ke haɗa gaz da zafi? So kake mu tashi sama?"

"Ai zafin ne ke hana shi daskarewa, Kawu."

Na mayar da tiyon, ƙanƙara ta narke, muka isa dashe bai yi yaushi ba.

Yanzu Kawu yana ba da labari wai shi ya gano matsalar. Ku ma kuna da irinsa a gida?

Ni dai shaiduna biyu: Jauro makiyayi da ya tsaya kallonmu a bakin hanya, da Inna Rabi, fasinjarmu, wadda ta ɗora goronta a kan ƙanƙarar ya yi sanyi.